Awon Ɗakin Inna Yalwa

Duk yarinyar da aka turo mana koyon aiki, tambayarta ta farko iri ɗaya ce: "Anti Kulu, da wace waya kuke ɗaukar hoton?" Da na ji haka na san ba za ta daɗe ba. Ku a ganinku aikinmu yawo ne a mota, a tsaya gaban tsohon gini, a karkata kai a danna waya. Na gaji da yi wa kowacce bayani ita kaɗai, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta karanta ta ga za ta iya, ta zo. Wadda ba za ta iya ba, ta koma tallan atamfa a waya, ba abin kunya ba ne.

Aikinmu shi ne mu riga rushewa isa wurin. Tsohon soro, tsohuwar gada, rijiyar da aka ɗaure da dutse tun zamanin Turawa, karofin da aka daina rini a cikinsa, duk abin da hannu ya gina kuma yake shirin ɓacewa, mu je mu auna shi, mu zana shi, mu ɗauki hotonsa, mu tambayi waɗanda suka san shi. Ba ma hana kowa rushe kayansa, ba mu da wannan ikon. Abin da muke nema shi ne idan ginin ya tafi, a sami takardar da magini zai duba ya sake tayar da shi ba tare da ya tambayi kowa ba. Hoto ba ya yin wannan. Hoto ba zai gaya miki kaurin bango ba.

Ina gama sakandare na shiga. Malam Sale maƙwabcinmu ne a Birnin Kudu, tsohon mai zanen taswira da ya yi ritaya ya ƙi zama. Shi da mazan da ke masa aiki iyakarsu zaure, don gidan mutane ba a shiga, alhali rabin abin da ya kamata a auna yana ciki: ɗakunan tsofaffi, rumbuna, rijiyoyin tsakar gida. Sai ya sami babanmu ya ce, "Wannan 'yar taka mai bakin, ba ni aronta. Tunda ba ta jin nauyin kowa, ta riƙa shigar mana gidaje." Babanmu ya ce a ɗauka, ko gidan ya huta. Ku riƙe wannan: cikin gida shi ne dalilin ɗaukata. Shi ne nawa.

Aikina na farko wata kwalbati ce ta dutse a hanyar Kiyako, wadda sabon titi zai binne. Na zo da sabon hijabi, na zaci biro za a miƙo min. Malam ya ba ni bakin tef ya ce in shiga ciki. Ciki kuwa jemagu ne da kashin awaki da wani wari da har yau in na tuna sai na tofar. Na durƙusa na danna bakin tef a jikin dutse, shi yana waje yana karantawa.

Ya ce, "Kin saki hannu."

Na ce ban saki ba.

Ya ce, "To wa ya mai da shi igiyar shanya? Ja."

Rani guda ban riƙe komai ba sai bakin tef. Sai da ya ga na daina gardama da lamba sannan ya ba ni fensir. A wurinsa na koyi cewa bangon ƙasa gindinsa ya fi kansa kauri, don haka wadda ta auna shi a wuri ɗaya ba ta auna ba. A wurinsa na koyi cewa tsawo da faɗi ba sa isa, sai an ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a gicciye, don a nan ɗaki yake faɗin gaskiyar siffarsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Tef biyu, na ƙarfe don ɗaki, dogo na zare don fili. Igiya mai dalma a baki, don gane ko bango ya jingina. Siririn tiyo da ruwa a ciki, don gane inda daɓe ya gangara. Allo da fensir, ban da biro, don gumi yana cinye tawada. Sai sanda mai fentin ja da fari. Dokar Malam ce, ba a ɗaukar hoto sai an ajiye wannan sanda a jikin abin, don mai kallo ya san girmansa. Hoton da babu sanda a ciki, ko ya kai me kyau, cewa yake a kai wa masu kalanda.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Malaman jami'a suna so a auna har ramin ƙadangare. Ma'aikatan gwamnati suna so a gama jiya. Waɗanda suka fi yawa yanzu su ne 'yan garin nan da suka yi arziki a Kano, masu motoci da masu shaguna, waɗanda za su rushe gidan kakansu su sa bulo, amma suna so a bar musu zane su rataya a falo. Ban raina su ba. Da ba su kira mu ba, da diga kawai za mu ji.

Shekarar da ruwa ya yi ɓarna ita ce mafi muni da na gani. Akwai wata 'yar gada ta dutse ta wajen Surko da muka daɗe muna cewa za mu je. Muka ce bari ruwa ya ja. Da ya ja muka je, babu gada, sai ƙafarta ɗaya a tsaye a cikin yashi. Malam ya zauna a bakin rafin ya cire hula. Soraye suka riƙa zubewa a garuruwa, wasu da mutane a ciki. Daga wannan shekarar kowa ya tsorata da ginin ƙasa, wanda ruwa ya bari sai masu shi suka fara kayarwa da kansu. Aiki ya fi ƙarfinmu. A nan ne Malam ya ɗauki Nafisa.

Nafisa 'yar Kano ce, ta karanta zanen gine-gine a jami'a, bautar ƙasa ta kawo ta Birnin Kudu ta ƙi komawa. Da na gan ta da farar jaka da murya kamar ta mai lallashin jariri, na ce alhamdu lillahi, wannan kwalbati ɗaya za ta kore ta. Ta shiga kwalbatin ta fito tana dariya. Na so a ce ba ta iya komai ba, amma ta iya. Ta zo da wata 'yar na'ura mai fitar da jan ɗigo, ka haska bango ta gaya maka nisa. Ta zo da kwamfuta. Sunanta ne ya fara fitowa a saman rahoto, nawa a ƙasa wajen godiya, kusa da na direba. Duk wannan na haɗiye. Na ce ta ci kwamfutarta, zanen hannu a wurin aiki dai ba ta kamo ni ba, cikin gida kuma nawa ne.

Sai ga shi muna shiga gida tare, ni ina kwance tef, ita tana durƙushe tana gaisuwa. Ta tambayi lafiyar maigida, ta yara, ta ƙafar da ke ciwo, ta akuyar da ta haihu. Kafin ta tashi ni na gama ɗaki guda. Amma in muka koma washegari, tsofaffin cewa suke, "Ina ƙawar taki mai fara'a?" Ni da na yi shekaru ina shiga gidajen nan, ban taɓa jin an tambayi inda nake ba. Ita ake ɗaure wa gyaɗa a leda. Ita ake nuna wa tsohon ƙyauren da aka ɓoye a bayan rumbu, wanda ni na wuce ta gabansa ba a ce min komai ba. Malam ya ce min, "Kulu, ƙyashi ne ke damunki." Na ce ba ƙyashi ba ne, ɓata lokaci ne ba na so. Ya ce to.

Aikin Gwaram shi ne wanda nake so ku ji da kyau. Alhaji Sabo, mai motocin haya da ke zaune a Kano, shi ya kira Malam. Ɗakin mahaifiyarsa, Inna Yalwa, ya tsage tun shekarar ruwa. Ya riga ya sauke bulo da yashi a ƙofar gida, ya gama magana da leburori. Ya ce, "Malam, uwata ba za ta sake yin damina a ƙarƙashin ginin nan ba. An ce min rufin abin tarihi ne. In akwai abin aunawa ku auna kafin kasuwa ta ci, don washegarin kasuwa diga za ta shiga." Ba wanda ya ga laifinsa, ɗakin maƙwabcinsu ya taɓa danne mutum.

Ɗakin ya girmi Inna Yalwa, ita ma gadonsa ta yi daga uwar mijinta. Rufinsa ɗaurin guga ne, wato bakuna na azara da ƙasa sun taso daga bango sun lanƙwaso sun haɗu a tsakiya, babu ginshiƙi ko ɗaya. Hayaƙin shekaru ya mai da azarar baƙa wuluk tana sheƙi. A jikin bango akwai zanen da aka yi da yatsa tun ƙasar tana ɗanya. Akwai alkuki, ɗan ramin bango da ake ajiye fitila, da tsohuwar fitilar kasko a ciki. Akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi da sanyi. Da na fito na kwatanta wa Malam, sai ya miƙe tsaye. Ya ce maginan da suka iya wannan ɗaurin sun kusa ƙarewa, kuma bai san da irinsa a wannan yankin ba. Idan diga ta shiga ba mu auna ba, shi ke nan, ya bi gadar Surko.

Bayan azahar muka koma ciki da kaya. Nafisa ta tsaya a tsakar gida wajen matan gidan, ta buɗe gaisuwarta da ba ta da ƙarshe. Ni na wuce. Na tarar Inna ta kishingiɗa a kan gadon, ta juya wa ƙofa baya, ta lulluɓa da farin mayafi, barci ya ɗauke ta. Haske ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan gadon yadda mai hoto yake so, kuma na san ba zai daɗe ba. Na laluba, babu sanda mai ja da fari, tana zaure wajen maza. In na koma ɗauko ta sai na ratsa tsakar gida, a sake tsayar da ni a tambaye ni 'yar gidan wa ce. Ga damin kara a bakin ƙofa na hura wuta. Na zaro dogo miƙaƙƙe, na gwada shi da tef, na karya shi daidai mita biyu. Na shimfiɗa shi a gefen gadon, daga wajen kanta zuwa ƙafarta. Na ja baya na tsaya ta wajen ƙafa, na ɗaga kyamara.

Ta juyo ta buɗe ido.

Ba ta yi ihu ba. Ta dubi karan, ta dube ni, ta sake duban karan. Ta ce a hankali, "Sabo ne ya ce a auna ni?"

Ku da kuka tashi a nan kun sani. Idan mutum ya rasu, kara ake shimfiɗawa a jikinsa, a karya daidai tsawonsa, a kai wa masu haƙa kabari. Ni ma na sani, an yi wa kakata ina tsaye. Amma a lokacin gado nake gani da haske.

Na ce, "Inna, gadon nake aunawa, ba ke ba."

Ta ce, "To ni a kan me nake?"

Daga nan ta ɗaga murya da salati, matan gida suka yo ciki a guje. Ɗaya ta fizge karan ta kakkarya ta cusa a murhu. Wata ta kama ni ta hijabi ta yi waje da ni. Inna ta yanke hukunci daga kan gadonta: babu abin awo da zai sake tsallake dokin ƙofarta, ko tef ne ko zare, kuma yarinyar nan mai kara kada ta sake taka gidan. Ta ce a gaya wa Sabo in ya ƙosa ne ya jira Allah, ba sai ya aiko daga Birnin Kudu ba.

A zaure Malam ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Kulu, duk itatuwan da Allah Ya halitta, sai kara?" Na ce ai mita biyu ce cif. Alhaji Sabo ya bugo waya yana huci, uwarsa ta ƙi karɓar kiransa. Ya ce shi ba zai ƙara mana ko yini ba, in mun auna mun auna.

Nafisa ta ce a bar mata. Washegari ta ajiye jakarta a mota ta shiga hannu rabbana. Haka ta yi a rana ta biyu ma. Ni aka bar ni a waje tare da maza, ina auna bayan ɗakin ta lungu, ina bin tsagar bangon, ina zana indararo. Ɗakin yana da 'yar taga ɗaya da ke kallon lungun, can sama, kai ba zai shiga ba. Ta nan nake jin su. Ba maganar gini suke ba. Ɓarar gyaɗa suke, Inna tana ba da labarin yadda aka kawo ta gidan a kan jaki, Nafisa tana dariya tana cewa, "Kai Inna, ashe an sha kyau." Har Inna ta fara ce mata ƙawata. Ni ina tsaye a kan kwata, ƙudaje suna bi na.

Da ta fito na tare ta. Na ce, "Ke, kasuwa jibi ce. Ki sa 'yar na'urarki a cikin hijabi, in ta ta da sallah ki haska ki fito. Wa zai sani?"

Ta ce, "Sata ke nan, Kulu."

Na ce, "Gini za a rushe, ke kina ɓarar gyaɗa!"

Ta ce, "Na sani." Ta miƙo min gyaɗar a leda. Ban karɓa ba.

Ranar kasuwa da hantsi, motoci suna ta wucewa da buhuna, leburori har sun zo sun jingine digoginsu a ƙofar gida, sai Nafisa ta ce in ɗauki allona in zauna a ƙarƙashin tagar, kada in yi magana. Ta ɗauki tef na ƙarfe a fili, a tafin hannunta, ta shiga. Na ce a raina yau za a koro ta ita ma, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban ji zan yi kuka ba.

Na ji muryar Inna ta canza. "Ƙawata, mene ne wannan a hannunki? Ban ce ba na so ba?"

Nafisa ta ce, "Kin ce. Tambaya ɗaya zan yi, in kin ce in fita da shi in fita. Inna, tunda kike, kin taɓa ganin wanda ake aunawa da kara ya riƙe karan da hannunsa?"

Inna ta ce, "Ke, gawa tana riƙe abu ne?"

"To ungo. Ke za ki riƙe. Ɗakinki ne, ke za ki auna shi, ni 'yar aikenki ce."

Sai na ji ƙarar tef ana ja, sai ƙarar komawarsa da ƙarfi, sai tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya tana cewa, "A'a, ji ɗan banza, ashe da rai a jikinsa! Sake ja mu gani."

Ni aka haifa a ƙasar nan. Ni na ga an auna kakata. Wannan maganar a bakina ya kamata ta fito, sai ga shi 'yar birni mai farar jaka ce ta same ta. Fensirin da ke hannuna sai da na karya shi, na ɗauko wani.

Haka aka yi aikin. Inna tana dogara sanda daga kusurwa zuwa kusurwa, ita ke danna bakin tef a bango, Nafisa tana ja tana karanto lamba ta taga, ni ina lungu a kan bulo da allo a cinya, ina zana ɗakin da aka hana ni shiga. Abin da idona ya ɗauka a 'yan mintocin da na yi a ciki, shi na riƙa ɗora lambobin a kai. Da muka zo awon gicciye sai lissafi ya ƙi haɗuwa. Kusurwar wajen gado ta shige ciki fiye da yadda ya kamata.

Na manta an ce kada in yi magana. Na ce, "Ku sake! An saki hannu."

Inna ta ce, "Wace ce wannan a bayan ɗakina?"

Nafisa ta ce, "Mai rubuta mana ce, Inna."

"Mai karan ce ko? Na gane muryar, kamar ana kankare tukunya. Ke! Hannun nan ya yi daka tun ba a haifi uwarki ba, shi ne zai saki wannan ɗan gwangwanin?"

Na ce, "To lambar ba ta fita ba."

Suka sake, lamba ta dawo yadda take. Na ce a sake. Inna ta ce, "Ƙawata, gaya wa mai taurin kan nan ɗakin ne a karkace, ba hannuna ba." Sai ta ba da labarin. Da can ta bayan ɗakin akwai hanyar da matan unguwa ke bi zuwa rijiya. Da maginin ya zo ɗora bango, sai uwar gidan ta lokacin ta ce kada a matse hanya, mace da tulu a ka ba ta iya bin lungu a karkace. Sai ya janye kusurwar ya bar musu. Rijiyar ta daɗe da cikewa, amma kusurwar tana nan. Na duba inda nake zaune, ashe a kan hanyar nake. Da ni na auna ɗakin ni kaɗai, da na sami karkatar, wannan ba shakka. Dalilin ne da ba wanda zai gaya min. Na rubuta shi a gefen zanen, ina cije leɓe.

Tsawon rufin da na'urar aka ɗauka, ita ma Inna ce ta riƙe. Sai da ta gama haska goshin Nafisa da na duk matan gidan sannan ta yarda ta haska azara. Kafin la'asar mun gama, har hotuna, da sanda mai ja da fari a hannun Inna, a tsaye, kamar mai tsaron ƙofar banki. Washegari diga ta shiga. Ban tsaya kallo ba.

A ƙa'idar aikinmu, idan aka zana gini a tsage, kamar an yanka shi da wuƙa ana ganin cikinsa, sai a sa ɗan mutum a tsaye a ciki don mai dubawa ya gane tsawon rufi. Yawanci wani ɗan zane ne marar fuska. Da na zo wurin, sai na duba hoton da Inna ke tsaye a bakin ƙofa, na fitar da tsawonta daga na ƙofar, na zana ta: ɗan doro, sanda, hannu ɗaya a jikin bango da bakin tef. Ba don neman shiri na yi ba. Ita ce mutumin da ke ɗakin, wa zan sa?

Da aka buga zanen babba muka koma Gwaram kai wa Alhaji. An gama sabon ɗakin, bulo da kwano, da taga mai gilashi a kan lungun nan. Nafisa ta shiga da takardar, ni na koma wurina. Wannan karon har ina iya hango su. Inna ta shimfiɗa zanen a cinya tana bi da yatsa. Ta sami alkukin, ta sami gadon, ta sami karkatacciyar kusurwar ta daɗe a kanta. Sai yatsan ya tsaya.

"Wannan kuma wace ce?"

"Ke ce, Inna."

"A tsaye?"

"A tsaye."

Ta matso da takardar kusa da ido. Ta ce, "To, wannan karon an auna ni daidai. Allah Ya yi wa hannunki albarka, ƙawata."

Ina jira Nafisa ta amsa da amin ta yi shiru, don in sami abin riƙewa a kanta har abada. Sai ta ce, "Ba hannuna ba ne, Inna. Kulu ce ta zana, duk layin da ke nan nata ne." Ko wannan ma sai da ta fi ni.

Inna ta ce, "Mai karan?" Ta ɗago kai ta kalli taga, ta gan ni sarai, ta mai da kai kan takarda. "Ki ce mata ta iya. Amma kada ta shigo."

Ta sa hannu a ƙarƙashin gado ta jawo fitilar kaskon nan ta alkuki, abu ɗaya da ta tsira da shi daga tsohon ɗakin. Ta goge ta da bakin zane, ta ɗora a tafin Nafisa.

Fitilar tana ofishinmu, a kan teburin Nafisa, daidai inda idona yake sauka in na ɗago daga allo. Ranar da kuka fara zuwa wata a cikinku ta ɗauka ta ce wannan tokar mece ce, har na daka mata tsawa. Ba tawa ba ce, amma ba a taɓawa.

Wadda ta yanke shawarar zuwa, ta zo da takalmin da ba ta so da fensir. Bakin tef zan koya mata, da gicciye, da yadda ake shiga kwalbati. Gaisuwa kuma ga teburin can, ku je ta koya muku. Kada wadda ta dawo ta ba ni labarin yadda take da kirki.